Magidanci Da Neman Muhalli: Ciniki, Jingina Da Bashin Ruwa



Gida yana cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya ƙididdige wa bayinsa a Suratun Nahli, aya ta 80, inda ya ambace shi a matsayin wurin natsuwa. A Suratuɗ Ɗalaƙi kuma, aya ta 6, aka ɗora wa miji zaunar da iyali gwargwadon halinsa. Saboda haka babu abin zargi ga magidancin da ya gaji da zaman haya, da biyan kuɗin shekara a dunƙule, da fargabar ranar da mai gida zai aiko da takardar tashi, ya ɗaura niyyar mallakar nasa. Abin da shari'a take dubawa shi ne hanyar da gidan ya zo hannunsa, domin a cikinsa zai yi salla, a cikinsa za a raɗa wa 'ya'yansa suna, shi kuma zai bar wa magada.

Farkon abin da ya wajaba mai saye ya sani shi ne ko mai sayarwar ya mallaki abin da yake sayarwa. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Filaye a shekarar 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna bisa amana, abin da mutum yake riƙe da shi kuwa izinin zama ne, wanda galibi akan rubuta shekara 99 a takardar shaidar mallaka. Dokar ta kuma ce ba a sayar da irin wannan wuri ko jinginar da shi sai da amincewar Gwamna. Takardar mai unguwa da sa hannun shaidu suna da amfaninsu, amma ba su isa su hana a sayar wa mutum uku fili ɗaya ba. Mai hankali yakan je ofishin filaye a bincika masa kafin ya saki ko kwabo, watau KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, ya tabbatar da sunan da ke kan takarda, ya kuma tabbata ba a riga an jinginar da gidan a wani banki ba. Sa'an nan a auna iyaka a gaban maƙwabta. Buhari da Muslim sun ruwaito azabar da aka tanadar wa wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci, cewa za a rataya masa ita har ƙasa bakwai ranar alƙiyama.

Gidan gado ya fi kowane irin gida bukatar taka-tsantsan. Sau da yawa babban wa ne yake fitowa da takardu ya ce shi ne mai magana, alhali ba a raba gadon ba, akwai mata a gidajen aurensu da ba a shawarta ba, akwai kuma marayu ƙanana da ba su san abin da ake ciki ba. Girman shekaru ba ya mallaka wa mutum rabon 'yan'uwansa. Wanda ya sayi irin wannan gida don ya ga araha, ya tuna araha ba ta ado, kuma shekara goma ba ta hana yarinyar da ta girma ta kai ƙara gaban alƙali. Har ila yau akwai hakkin shufu'a. A mazhabar Imamu Maliku, idan mutane suna tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗayansu ya sayar wa bare rabonsa, sauran suna da ikon su biya kuɗin da aka saya su karɓe. Malikawa ba su ba maƙwabci wannan hakki ba, Hanafawa ne suka ba shi. Mafita ita ce a jira alƙali ya raba, ko kuwa dukkan magada su sa hannu, waliyyin marayu kuma ya zo da izinin kotu.

Mai sayarwa shi ma da nasa nauyin. Hadisin Uƙubatu ɗan Amiru ya hana Musulmi sayar wa ɗan'uwansa abu mai aibi ba tare da ya bayyana ba, kuma shafa fenti a kan tsagar bango ana gobe masu saye za su zo yana cikin algus. La'adar dillali halal ce in an yi yarjejeniya a kanta, amma ba ta halatta masa ya rantse cewa ruwa ba ya kwanciya a unguwar da kowa ya san halinta ba. Gidan da aka gani da rani, a koma a gan shi cikin watan Agusta.

Sai maganar kuɗi, wadda nan ne ƙafafu suka fi zamewa. Rubutun boko ya haɗa kalmomi biyu a siffa ɗaya, har wasu suna ruɗewa. Akwai riba ta ciniki, wadda ake jan wasalinta na farko, asalinta a Larabci ribhu. Akwai kuma riba ta bashi, watau ƙarin da ake ɗora wa rance saboda jinkiri, wadda Hausawa suke kira kuɗin ruwa. Ta farko Allah ya halatta, ta biyu ya haramta, duka a aya ta 275 ta Suratul Baƙara, kuma a aya ta 279 aka yi shelar yaƙi daga Allah da Manzonsa ga wanda ya ƙi bari. Kada mai karɓar rance ya zaci laifin na banki ne shi kaɗai, domin hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim ya haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu cikin la'ana guda.

Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda aka kafa a 1977, shi ne yake kula da Asusun Gidaje na Ƙasa da aka ƙirƙiro a 1992, inda ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci. Rancen da aka san asusun da shi yana da ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, ana kuma iya biya har shekara 30. Idan aka gwada da na bankunan kasuwa wannan sauƙi ne ƙwarai, musamman da yake a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Nijeriya kansa ya kai kashi 27.5 cikin ɗari. Amma a yi lissafi. Wanda ya ranci Naira miliyan 10 a kan kashi 6 na shekara 30, zai riƙa biyan kimanin Naira 59,955 kowane wata. A watan farko Naira 50,000 daga ciki ruwa ne, Naira 9,955 kacal ce take rage uwar kuɗi. Ranar da ya gama zai tarar ya biya fiye da Naira miliyan 21 da rabi. Masu ilmin tattalin arziki za su ce faɗuwar darajar Naira ta cinye wannan ƙari, har ma mai rancen ne ya ci nasara. Ta fuskar lissafi maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai shari'a ba ta rataya haramcin ga yawan ƙarin ko ƙanƙantarsa ba, ta rataya shi ga sharaɗin ƙari a kan rance. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin 1990, ta yanke cewa rancen gina gida ko sayensa da ruwa haramun ne, komai ƙanƙantar ruwan, ko da kuwa hukuma ce ta bayar.

Akan ji wasu suna kafa hujja da fatawar da majalisar malaman Turai ta bayar a 1999, wadda ta yi rangwame ga Musulmin can da ba shi da gida kuma ba shi da wata hanya. Malamai da yawa sun yi mata raddi tun a lokacin, kuma ko an karɓe ta, sharaɗinta shi ne rashin mafita, wanda da wuya mazaunin Kano ko Sakkwato ya yi da'awarsa. Abin da ake yanka daga albashi kuwa, babu laifi a kan ma'aikaci idan ba da zaɓinsa ba ne. Idan ya yi ritaya ya karɓi abinsa, in an haɗa da wani ƙari na ruwa ya ware shi ya ba mabukata. Wanda ya riga ya shiga rancen, ya tuba, ya gaggauta biya gwargwadon iko don ruwan ya ragu. Ƙin biya ba tuba ba ne, jawo wa iyali kwana a titi ne.

Tun daga 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki, sa'an nan TAJ a 2019 da Lotus a 2021, an sami bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Hanyoyin da fiƙihu ya tanada a wannan babi sanannu ne. Akwai murabaha, inda banki zai sayi gidan ya zama nasa, ya sayar wa mutum da farashi sananne a biya kashi-kashi. Akwai ijara, watau haya wadda take ƙarewa da mallaka. Akwai kuma musharaka mai raguwa, inda mutum da banki suke tarayya a gidan, yana biyan hayar rabon banki yana kuma saye shi kaɗan-kaɗan har ya zama nasa duka. Sunan Larabci dai ba ya halatta ciniki, don haka mai nema ya karanta takarda, ko ya kai wa malamin da ya san babin ciniki. Ya tambaya ko bankin ya mallaki gidan kafin ya sayar, ko farashin yana ƙaruwa idan an yi jinkiri, da kuma wanda zai ɗauki babban gyara a lokacin haya, domin wannan yana kan mai gida ne. Kada kuma ya shiga da zaton araha. Sau da yawa abin da zai biya bai gaza na sauran bankuna ba, wani lokaci ma ya fi.

Jingina ita kanta halal ce. An ambace ta a aya ta 283 ta Baƙara, kuma Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Abin da ya gurɓata ta a ƙasar Hausa al'ada ce da ta daɗe, inda mutum zai ranta wa ɗan'uwansa kuɗi ya karɓi gida ko gona, ya zuba 'yan haya ko ya yi ta noma shekara da shekaru, ranar biya kuma ya karɓi kuɗinsa cif. Wannan rance ne da ya jawo amfani, kuma riba ce ko da babu banki a tsakani. Malikawa sun yarda a yi sharaɗin amfani da abin jingina ne kawai idan bashin na ciniki ne, aka kuma yanke wa amfanin lokaci sananne. Haka nan sharaɗin cewa in wa'adi ya cika ba a biya ba gida ya zama na mai bin bashi, ɓatacce ne, kamar yadda Imamu Maliku ya yi bayani a Muwaɗɗa. Sayar da gidan za a yi, a biya bashi, ragowar ta koma ga mai shi.

Mafi yawan gidajen talakawa dai ba da rancen banki aka gina su ba. Fili ake saye, a zagaye, a tayar da ɗaki biyu da makewayi a tare, sauran a bi su da kwasar adashi da rancen ƙungiyoyin ma'aikata marasa ruwa. Sannu ba ta hana zuwa. A nan akwai wani hakki da ake yawan tauyewa. Mace takan sayar da zinariyarta ko tumakinta, ko ta ba da gadon ubanta, a sayi kwano da siminti, ba a rubuta kome ba saboda kunya. Ranar da mijin ya rasu sai a lissafa gidan duka cikin gado, ta tashi da tumuni, watau ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya, shi ɗin ma ta raba da abokan zamanta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ba ta kuwa togace miji da mata ba. A rubuta tun ranar: kyauta ce, ko rance, ko kuwa ta sayi wani kaso na gidan.

Tsarin cikin gida kuma ya bi sutura kafin ado. Suratun Nur, aya ta 58, ta sa yara su nemi izini a lokuta uku, kafin sallar asuba da lokacin ƙailula da bayan lisha, hadisin Abu Dawuda kuma ya yi umurni a raba musu shimfiɗa in sun kai shekara 10. Saboda haka ƙarin ɗakin yara ya fi ƙaton falon da ba a shiga sai da salla. Kowace mata tana da hakkin ɗakinta. Mai bene kada ya buɗe taga a kan tsakar gidan maƙwabci, kada kuma indararo ko kwata su zuba a jikin katangar wani. Umurnin da ya zo a hadisi na kashe wuta da rufe ƙofa da rufe kwanuka kafin barci ya shafi tukunyar gas da galan ɗin fetur, da janareton da ake kunnawa a cikin soro har hayaƙinsa ya hallaka masu barci.

Gidan zama babu zakka a kansa komai tsadarsa. Kuɗin hayar da aka tara ne ake fitar wa idan ya kai nisabi kuma shekara ta kewayo. Takardun gida da rasidai da lissafin bashin da ya rage a haɗa su wuri ɗaya da ruwa da gara ba sa kaiwa, a ajiye kwafi a hannun wani amini, uwargida da babban ɗa kuma su san inda suke, domin bashi ake fara cirewa daga dukiyar mamaci kafin wasiyya da rabon magada.