Famfo a Baya, Ido a Ganye

Ku 'yan lambun Roni! Ku mutanen Amaryawa da Dansure da Zugai, da 'yan'uwanku na Kazaure da Gwiwa da Babura. Damina ta ɗauke, wasu sun rataye fartanya, wasu sun ɗaure kaya sun tafi ci-rani, ku kuwa kun gangara fadama. Wa ke tashi tun da assalatu, hunturu na tsaga leɓe, ya tayar da injin ban-ruwa? Ku ne. Wa ke duƙe a fangali yana dashen albasa ɗaya bayan ɗaya har ƙugu ya ƙage? Ku ne. Tumatirin da dillalai ke rububinsa a kasuwar 'Yankaba ta Kano, da attaruhun da ke tayar da miyar gidaje a tsakiyar rani, daga hannun irinku suke fitowa. Ku riƙe wannan a ranku kafin mu shiga magana.

Wahala kam akwai ta, ba mai musu. A 2017, ƙarƙashin shirin taki na Gwamnatin Tarayya, naira 5,500 aka yanka wa buhu. Kuɗin da ake kira a yau kun fi kowa saninsa, don daga aljihunku yake fita. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin taki a duniya a 2022. Ran 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin mai, kowace lita ta fetur da injin ban-ruwa zai sha ta zama abin lissafi. Ga ƙasarmu mai yawan rairayi: ka zuba taki, ka kwarara ruwa, wani kaso ya zurare ƙasa inda saiwa ba ta kai. Duk da haka, wanene ya bar lambu? Daga masu shan ruwan madatsar Gari zuwa masu rijiyar burtsatse a gindin gona, kowa yana nan daram. To, wanda tsada ba ta kora ba, dabara ce ta rage masa, kuma dabara akwai ta.

Ɗaya daga cikin dabarun nan ita ce takin feshi, wanda wasu ke cewa takin ruwa: a narkar da abincin shuka a ruwa, a fesa a kan ganye. Ganye yana sha kuwa? Yana sha. Fatarsa na da hanyoyin da ido ba ya gani, akwai kuma 'yan ƙofofin numfashi, waɗanda a yawancin kayan lambu sun fi yawa ta ƙarƙashin ganyen. Tun wajen 1844 wani masani Bafaranshe, Eusèbe Gris, ya shafa ruwan sinadarin ƙarfe a ganyen da ya ɗashe, ganyen ya koma kore. A shekarun 1950, Tukey da Wittwer na Jami'ar Jihar Mishigan a Amurka suka bi sawun sinadarai da na'ura, suka ga yadda suke shiga ta ganye suna zagaya jikin shuka. Abin da manyan jami'o'i suka sha wahalar tabbatarwa, ga shi yau a cikin famfon da kake goye da shi. Kai ne mai aiwatar da shi, kuma ka isa.

Amma kafin hannu ya kama famfo, ido ne zai fara aiki, kuma a nan ba wanda ya kama ƙafarku. Wa ya fi ɗan lambu sanin ranar da shuka ta sauya fuska? Tsuguna ka ɗaga ganyen nan ka duba. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara yin rawaya baki ɗaya, shukar ta tsaya cak ba ta gaba, galibi yunwar naitirojin ce, abin da yuriya ke bayarwa. In kuwa sabon toho ne a sama ya yi fari-fari, jijiyoyinsa suna nan kore shar, ƙarancin sinadarin ƙarfe ake zargi. Tsohon ganye ya yi rawaya tsakanin jijiya da jijiya, wannan alamar magnesiyam ce. Masarar rani ta fito da farin zane a tsawon sabon ganye, ta kasa tashi, a nemi zinki. Bayan ganyen tumatir ya yi shuɗi-shuɗi da ja-ja a tsananin sanyi, fosfaras ne saiwa ta kasa ja. Irin su zinki da ƙarfe da boron, kaɗan ƙwarai shuka ke bukata, shi ya sa feshi ya fi yi musu rana: ɗan abin da ya taɓa ganye ya wadatar, cikin 'yan kwanaki sai ka ga lambu ya farfaɗo. Haka nan bayan dashe, ko lokacin da sanyin hunturu ya rage wa saiwa kuzari, ko gab da fure, feshin da aka yi daidai yana tallafar shuka ta haye. Ka karanta ganyenka da kyau, shi zai faɗa maka abin da za ka sayo.

Ba kowace rawaya ce yunwa ba, a kula. Tumatirin da ganyensa ya nannaɗe ya ƙanƙance, cuta ce da farin ƙuda ke yaɗawa, taki ba ya warkar da ita. Sharon, tsutsar nan da ta yi wa tumatirin Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna kaca-kaca a 2016, ba ta jin takin feshi. Saiwar da ruwa ya kwanta mata har ta ruɓe, magudana take nema. Shi kuma tumatirin da gindinsa ke yin baƙi yana lotsawa, gaskiya ne kalsiyam bai isa cikin ɗan ba, sai dai mafi yawan lokaci laifin na ban-ruwa ne: yau a tumbatsa, gobe da jibi a bari ƙasa ta bushe. Daidaita ban-ruwanka, za ka ga bambanci fiye da kwalba uku ta feshi. Abin da ya shige maka duhu, tsinki ganyen ka kai wa malamin gona na JARDA, hukumar aikin gona ta Jigawa. Aikinsa ke nan, haƙƙinka ne kuma. Tambaya ba ta rage wa gwani daraja!

Yanzu ga maganar da na fi so ta zauna. Duk wanda ya ce maka kwalba guda ta maye gurbin buhu, kuɗinka yake so. Mu yi lissafin tare. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, don kashi 46 cikin ɗari ne. In ka fesa lita 200 a hekta guda da ma'aunin kashi ɗaya cikin ɗari, yuriya kilo 2 kacal ka narkar, naitirojin ɗin ciki bai ma cika kilo guda ba. Hektar tumatir kuwa buhuna take ci kafin ta cika kwanduna. Takin ƙasa shi ne tuwon shuka, na feshi kunu ne da ake kai wa ma'aikaci da hantsi: yana ƙara masa ƙarfi, amma ba a kwana a kansa. Saboda haka ka ci gaba da kai takin gida gona, kashin shanu da na awaki da na kaji wanda ya ruɓe sosai, shi ke sa rairayi ya riƙe ruwa. Ka sa kamfarka a gindi, ka rufe da ƙasa kada rana ta cinye maka. Bayan nan ne feshi zai nuna kansa. Gina ƙasa tukuna, sannan ka ɗauki famfo!

Sai awo. A nan ake gane ƙwararre. Takin feshi na kanti, wanda ake rubuta wa 20-20-20 da ire-irensa, yana zuwa da ma'auni a jikin leda ko kwalba. Bi shi sau da ƙafa, in rubutun ya gagara ka sa ɗanka ɗan makaranta ya karanta maka. In yuriya za ka narkar da kanka, rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari ya ishi kayan lambu, wato giram 80 zuwa 160 a famfo mai lita 16, kuma ƙananan shuka ka tsaya musu a ƙaramin awon. Ba ka da sikeli? Ɗauki wankakken gwangwani ka je shagon da ke da shi, a auna maka sau ɗaya, ka ja layi da ƙusa a jikin gwangwanin, ya zama mudunka har ƙarshen rani. Narkar a bokiti tukuna, ka juya har ƙwayar ƙarshe ta ɓace, ka tace da tsumma mai tsabta, sannan ka juye a famfo. Kamfar buhu ta gindi ce, ba ta narkewa duka, gararinta toshe bakin feshi yake yi. Kada zumuɗi ya sa ka ce bari in ƙara cokali don ya fi aiki: cokalin nan shi ke ƙone bakin ganye, ka wayi gari lambu kamar wuta ta bi ta kai. Hannun da ya iya auna iri ya iya auna taki.

Da sanyin safiya ake kama fara. Fita da wuri, raɓa na ɗagawa, kafin rana ta yi zafi, ko ka bari sai bayan la'asar sakaliya. A lokutan nan ruwan feshi yana daɗewa a kan ganye bai bushe ba, ganye ya samu ya sha. Da tsakar rana kuwa, musamman in bazara ta kawo jiki, ruwan ne zai tashi ya bar gishirin taki yana cin ganye. Shukar da ta yi yaushi don ƙishi, ba ta ruwa a gindi yau, gobe ka fesa. Iska na kaɗawa da ƙarfi? Ajiye famfo, kada ka ciyar da gonar maƙwabci da kuɗinka. In ka fara, juya bakin feshi sama ka bi ta ƙarƙashin ganye, feshin ya fita laɓa-laɓa, ganye ya jiƙe amma kada ya riƙa ɗiga. Albasa da kabeji ganyensu na da santsi, ruwa gangarewa yake, don haka nemi maganin da ke sa feshi ya manne. Famfon da ya taɓa shan maganin ciyawa kuwa, in da hali ware shi daban, in babu wanke shi da sabulu sau da yawa har tiyo da baki. Kada ka haɗa takin kalsiyam da mai fosfaras a ruwa guda, dunƙulewa suke yi. Rufe hanci, sa dogon hannu, ka wanke jiki in ka gama, iyali na jiranka lafiya.

Ga wani abu da zai mai da kai malamin kanka. Duk sabon takin da ya shigo hannunka, fara gwada shi a 'yan tsiraru, ka jira kwana biyu ko uku ka ga ko ganye ya ƙone. In lafiya, fesa lambun amma ka bar fangali guda ba feshi, ka kafa masa kara. Ranar tsinka ka ƙirga kwandon nan daban, na can daban, ka cire kuɗin kwalba da na aiki. Haka masana ke yi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wadda tushenta ke komawa 1922: fili mai magani, fili marar magani, sai awo. Me zai hana ɗan Roni ya yi a gonarsa? Littafin naira kaɗan da biro sun isa. Shekara biyu kana rubutawa, ba mai talla da zai sake juya ka da daɗin baki.

Iyayenmu mata, ku da ke rainon alayyafo da rama da yakuwa a bayan ɗaki, har da masu shuka a buhu da tsohon bokiti, wannan magana taku ce. Zogalen da ke tsakar gida ma ana jarraba shi: a daka ɗanyen toho, a tace, a sirka kashi ɗaya da ruwa wajen kashi talatin, a yayyafa wa shuka da safe, don bincike ya nuna yana da sinadarin da ke zaburar da tsiro. Ku gwada a kaɗan ku gani da idonku. Ruwan jiƙon kashin dabbobi dai a gindi ake zuba shi, kada ya taɓa ganyen latas ko wani abin da za a ci ɗanye. Kwanon ganyen da kuke ɗora wa yara su kai kasuwa, shi ke sayen sabulu da littafi a gidaje da yawa. Ku ƙara himma, Allah Ya yi albarka!

Samari masu goya famfo ana biyanku, ku ɗauki abin nan sana'a ta gaske. Wanda ya san awo, ya san lokaci, ya iya bambanta yunwa da cuta, manoma da kansu za su riƙa layi a ƙofar gidansa. Ku kuma 'yan kasuwa masu shagon taki da magani a Kazaure da kasuwannin ƙauye, amana ce a hannunku. Tun 2019 akwai dokar ƙasa kan ingancin taki, amma kafin doka akwai tsoron Allah. Ku sayar da mai kyau, ku duba ranar lalacewa, ku gaya wa manomi gaskiyar abin da kwalba za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Manomin da ya ci riba ta dalilinka, baɗi da abokansa zai dawo.

To, 'yan'uwa, rani ya kama, ruwa na gudu a fangali. Gobe da sassafe ku zaga lambu ku ɗaga ganye ku duba, ku auna gwangwaninku, ku ware fangalin gwaji. Allah Ya ba da yabanya mai kyau, Ya kawo kasuwa mai albarka. A tashi a kama aiki!