Laifin Ɓera Ne Ko Na Daddawa?

Wata rana na kama wani ɗalibina yana satar amsa a ɗakin jarrabawa. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Malam, ai kowa ma haka yake yi." Na hukunta shi, amma maganarsa ta tsaya mini a rai. Shin idan mutum ya yi laifi nasa ne shi kaɗai, ko kuwa jama'ar da ta raine shi tana da nata kaso? Irin wannan tambaya ce ta haifar da ilimin zamantakewa, wanda Turawa ke kira Soshiyoloji.

Tun kafin Turawa su raɗa masa suna, Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya share fagen wannan ilimi a littafinsa Muƙaddima. Ya lura cewa dauloli kan kafu ne saboda asabiyya, wato ƙarfin haɗin kan jama'a, sannan su rushe idan jin daɗi ya sassauta wannan igiya.

A Turai kuwa tashin hankali ne ya zama ungozomar wannan fanni. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya tumɓuke sarauta, masana'antun Ingila kuma suka kwaso manoma daga ƙauyuka suka cunkusa su a birane, inda maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba. Ganin haka ya sa Auguste Comte, Bafaranshen da ya ƙago sunan fannin wajejen 1838, ya ce a nazarci al'umma kamar yadda ake nazarin taurari, wato da lura da kuma hujja.

Wanda ya fi kusantar tambayarmu shi ne Emile Durkheim. A 1897 ya wallafa bincike a kan kisan kai irin wanda mutum ke yi wa kansa, abin da kowa ke ɗauka sirri ne tsakanin mutum da zuciyarsa. Da ya bi ƙididdigar ƙasashen Turai, sai ya ga abin ya fi yawa ga gwagware fiye da magidanta, kuma yakan ragu a lokacin yaƙi, sa'ad da jama'a ke dunƙulewa. Ashe ko a cikin kaɗaici akwai hannun jama'a.

To, a nan ne haɗarin yake. Idan muka ce komai aikin al'umma ne, ke nan ɓarawo ya sami mafaka, alƙali kuma ya naɗe tabarmarsa. A ganina, bayyana dalilin laifi daban, wanke mai laifi daban. A ɗakin da na kama yaron nan akwai wasu da suka tashi a unguwa ɗaya da shi, suka sha wuya iri ɗaya, amma ba su yi satar ba.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lura fa, ba su ce ɓera ba ya sata ba. Yaron ya cancanci hukuncinsa. Amma mu iyaye da malamai da muka fifita takardar shaida a kan sani, wa zai hukunta mu? Amfanin ilimin zamantakewa shi ne ya sa mu waiwayi daddawarmu mu rufe ta, kafin mu sake ɗana tarko.