Alheri Ga Wanda Ya Cuce Mu



Ranar 8 ga Fabrairu ta kowace shekara Ikilisiya takan tuna da Waliyyiya Yosefina Bakhita, wadda aka haifa a yankin Darfur na ƙasar Sudan wajen shekara ta 1869. Ya kamata mu dubi rayuwarta da kyau, gama a cikinta akwai amsar tambayar da ke damun yawancinmu: yaya Kirista zai yi da mutumin da ya cuce shi?

Ba ta kai shekara goma ba masu fataucin bayi suka sace ta. Saboda tsananin firgita har ta manta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Waɗanda suka sace ta ne suka laƙaba mata Bakhita, wato mai sa'a da Larabci. Aka yi ta sayar da ita daga wannan hannu zuwa wancan. A wani gida aka tsattsaga jikinta da aska har wuri 114, aka cusa gishiri cikin raunukan don tabon ya fito. A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya ya saye ta a Hartum, bayan shekara biyu ya tafi da ita ƙasarsu. Can a birnin Benis ta koyi addini wurin Sistocin Kanosa, aka yi mata baftisma ranar 9 ga Janairu, 1890. Daga baya da aka tambaye ta abin da za ta yi in ta gamu da waɗanda suka sace ta, sai ta ce za ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu, domin ta hanyar wannan wahala ce ta san Kristi.

Kada mu ɗauka cewa gafara ita ce amincewa da zalunci. A 1889, da uwargijiyarta ta so ta koma da ita Sudan, Bakhita ta ƙi, kotu kuma ta tabbatar cewa ita 'yantacciya ce. Haka nan wanda aka ci wa iyakar gona, ko matar da mijinta ya rasu aka ƙwace wa 'ya'yanta gado, suna da ikon neman haƙƙinsu gaban dattawa ko alƙali. Abin da Ubangiji ya hana mu shi ne riƙo da ramuwa. Yusufu ya faɗa wa 'yan'uwansa a fili cewa mugunta suka nufe shi da ita, duk da haka ya ciyar da su da iyalansu. Istifanus ya roƙa wa masu jifansa gafara yana bakin mutuwa, kamar yadda Ubangijinsa ya yi a kan gicciye.

To, daga ina irin wannan zuciya take fitowa? Ba a wayi gari da ita haka kawai. Bakhita ta ɗauki wa'adin zama Sista a 1896. Daga 1902 ta zauna a garin Skiyo fiye da shekara 40, tana dafa abinci, tana ɗinki, tana gyara kayan bagadi, tana tsaron ƙofa. A cikin waɗannan ayyuka da ba a tafa wa mai yin su ne haƙurinta ya nuna. Ta rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1947, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuma ya sa ta cikin tsarkaka ranar 1 ga Oktoba, 2000.

A majami'unmu mukan yaba wa mai zaƙin murya da mai babbar baiko ranar godiyar kaka. Amma sau nawa muke lura da matar da ke jinyar surukar da ta daɗe tana zaginta? Ko katikis ɗin da ya tafi gaisuwar mutuwa gidan wanda ya ɓata masa suna? Waɗannan su ne ginshiƙan Ikilisiya, Allah kuwa da ke ganin ɓoye ya san su. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Saboda haka, kafin mu matso bagadi mu karɓi Jikin Kristi ranar Lahadi mai zuwa, bari kowannenmu ya tuna da mutum guda da ya ɓata masa rai. Mu ambaci sunansa cikin addu'a. Mu riga shi gaisuwa in mun haɗu a hanya ko a kasuwa. In ba shi da lafiya, mu je mu duba shi. Wataƙila ba zai amsa da fara'a ba, amma mu dai mun sauke kayan da ke danne mana zuciya.

Allah Uba, wanda ya gafarta mana tun muna masu zunubi, ya ba mu alherin gafarta wa juna. Waliyyiya Yosefina Bakhita, ki yi addu'a dominmu. Amin.