Ɓari Biyu, Ƙwaƙwalwa Ɗaya

Karatu: Zabura 139:13-16, 1 Korantiyawa 14:15

Ƙaunatacce cikin Ubangiji, ɗora hannu a kanka. Ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashin tafinka ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma da ita kake karanta wannan shafi. Mahalicci ya raba ta gida biyu, ɓarin hagu da ɓarin dama. Ɓarin hagu ne ke motsa hannu da ƙafarka na dama, ɓarin dama kuma ke motsa na hagu.

Kowane ɓari da inda ya fi ƙarfi. A wurin yawancin mutane, harhaɗa magana aikin ɓarin hagu ne. A 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci bayan ya rasu. Mutumin ya yi shekaru yana fahimtar zance amma bakinsa ba ya iya furtawa, kuma an sami lahanin a gaban ɓarin hagu. Shi kuwa ɓarin dama ya fi taimakawa wajen gane fuska, da sanin hanya, da jin ko murya ta fushi ce ko ta tausayi.

Allah bai bar su a ware ba. Ya haɗa su da gada ta jijiyoyi kimanin miliyan 200. A shekarun 1960, a Amurka, likitoci sun yanke wannan gada ga wasu masu tsananin farfaɗiya. Roger Sperry, wanda ya sami kyautar Nobel a 1981, ya yi nazarinsu. In aka nuna wa ɓarin dama kaɗai hoton cokali, mutumin yakan ce bai ga komai ba, amma hannunsa na hagu ya laluba ya ɗauko cokalin. Hannu ya sani, baki bai sani ba.

Haka wasunmu suke rayuwa, gadar da ke tsakanin addu'a da hankali ta yanke. Manzo Bulus, wanda ya fi Korantiyawa duka magana da harsuna, ya ƙudura yin addu'a da ruhu, da hankali kuma. Bai zubar da ɗaya don ya riƙe ɗaya ba.

A yawon bishara na sha shiga gidan da uba ya tashi da safe baki ya karkace, hannun dama ya mutu, magana ta sarƙe. Iyali suka ce jifa ne, suka kwana biyu suna tsawata wa aljanu. Ɗan'uwana, waɗannan alamun shanyewar ɓarin jiki ne: jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, kuma kowane minti naman wurin yana mutuwa. Ka kira sunan Yesu, ka kuma nemi mota nan take. Ku yi addu'ar a kan hanyar asibiti. Ubangiji mai warkarwa shi ne ya ba likita ilimi. Kai ma, yaushe rabonka da auna hawan jini?

Addu'a: Ya Uba, na gode da ka yi ni cikin hikima. Ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki, ka kuma buɗe hankalina in gane abin da ya kamata in yi a kan lokaci. Cikin sunan Yesu, Amin.