Ranar Da Aka Fitar Da Al Ahly Ba Tare Da An Ci Ta Ba

A farkon watan Mayun 2009 muna samari a Tambuwal, wasunmu na fama da jarrabawar kammala sakandare, wasu sun fara zirga-zirgar Sakkwato neman gurbin karatu, sai labari ya iso majalisarmu ta bakin titin Jega cewa Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka. Sai da wanda ya kawo labarin ya rantse kafin muka saurare shi, kuma ba laifinmu ba ne. Al Ahly ce ke riƙe da kofin. Ta ɗauke shi a 2005 da 2006, ta je wasan ƙarshe a 2007, ta sake ɗauka a 2008. Shekara huɗu a jere ba a yi wasan ƙarshe babu ita ba. Kocinta Manuel José ne ɗan Fotugal, a cikin fili kuma ga Muhammad Abu Tirika. Ita kuwa Pillars sai a 2008 ta fara cin gasar Najeriya, wannan ne zuwanta na farko. Ko zagayen rukuni ba a kai ba aka tisa ƙeyar masu kofin gida.

Abin da ya daɗe yana yi mana yawo a kai shi ne ba a ci Al Ahly ba. A Najeriya an tashi 1-1, a Alƙahira 2-2. Jimilla uku da uku. Dokar gasar ce ta ce idan aka yi kunnen doki, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ya wuce. Pillars ta zura biyu a Masar, Al Ahly ta zura ɗaya a nan. Magana ta ƙare.

A majalisa kuwa ba ta ƙare ba. Wani kawunmu mai shayi, wanda ba ya wasa da sha'anin Pillars, ya kafe a kan cewa doka doka ce, wanda ya wuce shi ne gwani, duk wanda bai yarda ba hassada ke damunsa. Wasu suka ce a'a, sa'a ce kawai, da za a sake bugawa sau goma Al Ahly za ta wuce sau takwas. Mun yi shekaru muna ɗaukar wannan a matsayin musun 'yan ƙwallo, irin wanda ke mutuwa da zarar an kira sallah. Sai daga baya muka gane tambaya ce da ke bin mu har gida: idan wanda ya daɗe yana gaba ya faɗi a rana ɗaya, me ranar nan ta gaya mana game da shi?

Akwai misalin da ya fi na Al Ahly tsanani, a wani wasa da yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba, wato hoki na kan ƙanƙara da ake yi a Amurka da Kanada. A kakar 2022 zuwa 2023 ƙungiyar Boston Bruins ta buga wasa 82 ta ci 65, ta tara maki 135. Babu ƙungiyar da ta taɓa yin haka a tarihin gasar. Da aka zo zagayen sili-ɗaya-ƙwale sai aka haɗa ta da Florida Panthers, wadda da kyar ta samu shiga da maki 92. A can ba wasa ɗaya ake yi ba, wanda ya riga cin huɗu cikin bakwai shi ke wucewa. Boston ta ci uku, Florida ɗaya. Saura ɗaya tak. Sai ta sha kashi sau uku a jere. A wasa na bakwai, ranar 30 ga Afrilun 2023, a gidanta, tana gaba da ci 3-2 saura kamar minti ɗaya a tashi aka farke, aka ƙarasa ta a ƙarin lokaci. Aikin wata shida ya tsaya a nan.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta muna da wata ɗabi'a mara daɗi: ba mu iya jin irin wannan labari ba tare da mun ɗauko lissafi ba. A ƙaddara ƙungiya ta fi abokiyar karawarta ƙarfi har tana cin ta sau shida cikin kowane wasa goma. Wannan rata ce babba. Idan aka haɗa su a tsarin wanda ya riga cin huɗu, lissafi ya nuna mai ƙarfin za ta wuce kamar sau 71 cikin 100. Mai rauni na da 29, kusan ɗaya cikin uku ke nan. Idan kuma sai an tsallake irin wannan zagaye har huɗu kafin a ɗauki kofi, damar mai ƙarfin ta sauko zuwa kusan ɗaya cikin huɗu. Wato ko da ta fi kowa, kuma ba ta yi wani kuskure na daban ba, abin da ya fi yiwuwa shi ne ta koma gida hannu rabbana. To ina ga ƙwallon ƙafa, inda wasa biyu ne kacal, kuma ƙwallo ɗaya da ta daki ƙarfe ta dawo kan iya raba gardama?

Wannan ya sa muke ganin kawunmu ya haɗa abu biyu ne ya kira su da suna ɗaya. Cancantar wucewa daban, fifiko daban. Pillars ta cancanci wucewa, babu ko tantama. An san dokar tun kafin a hura usur, Al Ahly ta amince da ita, kuma zura ƙwallo biyu a Alƙahira a wancan zamani ba aikin yara ba ne. Duk wanda ya ce sa'a ce kawai ya ci haƙƙin mutanen da suka yi gumi. Amma wucewar ba ta mayar da Pillars ƙungiyar da ta fi Al Ahly ba, kuma ba ta goge shekara huɗun da suka gabata ba. A kakar nan ma Al Ahly ce ta ɗauki gasar Masar, ta kuma dawo ta ɗauki kofin Afirka a 2012 da 2013. Kofi alkawari ne da aka ƙulla tun farko cewa wanda ya yi kaza shi za a ba. Ba sikeli ba ne.

Kada a ɗauka muna kushe tsarin. Muna son sa, kuma mun san dalili. Duk wanda ya taɓa bin ƙungiyar unguwa daga Tambuwal zuwa Kebbe a bayan a-kori-kura ya san yadda abin yake. Mu ne 'yan bakin babban titi, mun fi ganin wasannin Turai a gidan kallo, wasunmu har da takalman ƙwallo na gaske. Yaran can da yawansu daga gona suke zuwa fili, wani ma ƙafarsa babu komai. Da za a yi gasar tara maki ta wata shida, mai kuɗin mota da yawan 'yan canji shi zai ɗauka duk shekara, su kuma ba za su ma ƙarasa ba, damina za ta janye su. Wasan rana ɗaya shi ne kaɗai ƙofar da aka bar wa ƙarami a buɗe. Haka kokawa take tun kaka da kakanni: ko kai ne ka kayar da mutum arba'in, bayanka ya taɓa ƙasa an gama, makaɗa sun juya ga wanda ke tsaye. Da an san wanda zai ci tun daga gida, ba wanda zai biya kuɗin shiga. Wannan rashin tabbas ɗin muke saye, kuma wanda ke biyan farashinsa shi ne babba.

Inda muke ɓata hanya shi ne da muka ɗauko dokar kofi muka shigo da ita cikin rayuwar mutane, alhali su ba su ƙulla wannan alkawari da kowa ba.

Akwai wata ƙanwarmu a wani ƙauye da ke ƙasar Kebbe. Shekara shida a sakandare ba ta taɓa sauka daga na ɗaya ko na biyu ba. Malamai da ita suke misali. Jarrabawar shiga jami'a yanzu a kwamfuta ake yin ta, cikin 'yan sa'o'i, a wata cibiya da sai an yi tafiya. Kwana biyu kafin ranar zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita. Ta je ta zauna tana rawar sanyi, gaban na'urar da bai fi sau uku ta taɓa irinta ba. Makin da ta samu bai kai ba. Ba a zalunce ta ba, abin da ta amsa shi aka ba ta. Abin da ya dame mu shi ne abin da ya biyo baya. Kafin mako ya zagayo an sake rubuta tarihinta gaba ɗaya. Wasu suka ce ai dama makarantar ƙauye ce, na ɗaya a can ba komai ba ne. Wasu suka ce yabo ne ya shiga kanta. Wata gwaggo ta tuna cewa dama yarinyar ba ta cika gaishe da mutane da kyau ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan maganganu da aka taɓa furtawa kafin sakamakon ya fito. Kuma ba a banza ake yin su ba, domin a kansu za a yanke shawarar ko a sake saya mata fom ko a fara maganar aure.

Mun san wannan cuta a wurin aiki. Manhaja ta yi shekara tana aiki babu matsala, sai ta tsaya cak ranar da manya suka zo gani. Nan take kowa ya zama mai hangen nesa, kowa ya tuna ya taɓa jin wani abu a jikinsa, sai a nemi ƙaramin ma'aikaci a ɗora masa. Masu hankali a wannan sana'a sun koyi yin wata tambaya kafin su nuna kowa da yatsa: shawarar da muke kira kuskure yau, da an kawo mana ita jiya kafin mu ga sakamako, za mu kira ta kuskure? Idan amsar i ce, to akwai laifi, a gyara. Idan a'a ce, to ba laifi muka gano ba, labari muke ƙirƙira don hankalinmu ya kwanta. Zuciya ba ta son ta yarda cewa mutum kan yi komai daidai ya faɗi, domin in ta yarda, mu ma ba mu tsira ba. Ya fi sauƙi mu ce girman kai ne ya kayar da shi. Abin mamaki, mu ne masu yawan ambaton ƙaddara a baki, amma idan ta faɗa wa wanda ya fi mu, sai mu fi kowa saurin neman abin da ya yi ya jawo wa kansa. Wani lokaci kuma, mu faɗi gaskiya, daɗi muke ji. Wanda ya daɗe a sama ya tara masu jiran ranarsa ko da bai taka kowa ba.

Akwai suka mai ƙarfi a kan wannan matsayi namu, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Idan aka buɗe ƙofar cewa wani lokaci faɗuwa ba laifin kowa ba ce, manya ne za su riga kowa shigewa ta ciki. Kowane shugaba da ya yi sakaci zai ce tsautsayi ne. Sannan ba gaskiya ba ne a ce rana ɗaya ba ta bayyana komai. Boston ta samu dama har uku ta rufe magana ta kasa. Al Ahly a gaban jama'arta aka zura mata biyu. Akwai wani irin ƙarfi da ba ya bayyana sai ranar da babu gobe, kuma wasu masu ƙwazon kullum ba su da shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, in ji masu iya magana, kuma ba ƙarya suka yi ba. Manomin da ya yi noma mai kyau wata huɗu ya bar hatsi a gona har dabbobi suka shiga ba zai ce a duba ƙoƙarinsa na baya ba, rumbu ba ya cika da tarihi.

Mun karɓi wannan. Abin da muka ƙi karɓa shi ne a bar rana ɗaya ta yi magana ita kaɗai. Shaida ce guda, a saurare ta, amma ga wasu shaidu 82, ko shekara shida, suna tsaye a ƙofa. Alƙalin wasa dole ya yi hukunci da abin da ya faru cikin minti casa'in, aikinsa ke nan. Uba ba alƙalin wasa ba ne, haka maƙwabci da malami. Su suna da abin da alƙalin wasa ba shi da shi, wato ikon cewa a sake bugawa. A gidan ƙanwar tamu an yi ta ja-in-ja har ƙarshen kaka kafin mahaifinta ya sayar da buhun dawa biyu aka ajiye kuɗin fom ɗin baɗi. Bai ce ya gamsu da lissafinmu ba. Cewa ya yi shi ya ga takardun sakamakonta na shekara shida da idonsa, wannan ɗaya kuwa a waya aka nuna masa.

Ita Pillars a 2009 ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Bayan shekara huɗu, a 2013, ta koma gasar a matsayin zakarar Najeriya, aka haɗa ta da AC Léopards ta Kwango Barazabil. A gida ta ci 4-1. Mun ɗauka an gama, har ana maganar zagaye na gaba. Aka je can aka ci ta 3-0. Jimilla huɗu da huɗu, kuma ƙwallo ɗayan nan da baƙi suka zura a gidanmu ita ta fitar da mu. Dokar nan dai ce, ba a sauya mata ko wasali ba.

Daren da labarin ya iso, kawunmu mai shayi ya ce wannan doka zalunci ce tsagwaronta, ta yaya za a fitar da ƙungiyar da ta zura huɗu, kuma kowa ya san mun fi su. Wani daga cikinmu ya ce, Kawu, ai doka doka ce. Ya dube shi ya daɗe, sannan ya tambaye shi ko ya biya kuɗin shayin jiya.