Sujada Ɗaya Ko Biyu?

Ya ɗan'uwa sabon mai bi, lalle ka lura a ikilisiyoyi da yawa na Jos da Kaduna akan yi sujada biyu ran Lahadi, ta Turanci daban, ta Hausa daban. Wannan ba laifi ba ne, gama ya kamata kowa ya ji Maganar Allah da harshen da ya sani. Domin haka aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Amma duba fa: 'yan boko suna fita, tsofaffi suna shiga, sai gaisuwa a bakin ƙofa. Wanda ba ka san sunansa ba, yaya za ka san yana ciwo? Ko a Urushalima an manta da gwauraye masu jin Helenanci wajen rabon abinci, har aka zaɓi mutum bakwai su gyara.

Saboda haka in dattawa sun ce a haɗu ran Jibin Ubangiji, kada ka yi gunaguni domin tafinta yana jan lokaci. Kai mai harshe biyu, kai ne za ka haƙura. Tsohuwar da ke gefenka ɗaya gare ta. Ka matsa mata, in an tashi kuwa ka tambayi unguwarsu.