Kututturen da ke gonarka bai mutu ba

Ya kai maigida, da ke uwargida da ake karanta miki wannan takarda, kun san kututturen sabara da na kalgo da ke cikin gona. Kowace shekara sai su yi toho, kowace shekara kuwa a sare tohon lokacin sassabe, a ƙone.

Bayan farin 1973 da 1974, itatuwa sun ragu ƙwarai a ƙasar Maradi. Iska tana binne shuka da rairayi, har mutum ya yi shuka sau biyu ko uku. Aka dasa itatuwa da yawa, galibinsu suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin mishan, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya duba wani ɗan tsiro a bakin hanya, ya gane itace ne da aka sare, amma saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aka fara koya wa manoma su bar toho kaɗan masu ƙarfi, su datse sauran. Da fari an yi musu dariya. Bayan yunwar 1984 mutane suka fara karɓa. Yau ana lissafin itatuwa wajen miliyan 200 da suka tashi ta wannan hanya a Nijar, ba wanda ya dasa su.

Ayuba ma ya san kututture. Ya yi hasarar tumaki 7,000 da raƙuma 3,000 da 'ya'ya 10, jikinsa ya cika da miyaku. A sura 14 ta littafinsa ya ce itace yana da bege, ko an sare shi, da ya ji ƙanshin ruwa sai ya tsiro. Amma ka lura, ba don ta'aziyyar kansa ya faɗi haka ba. Kuka yake yi. Yana ganin itace ya fi mutum sa'a, sai ya tambaya ko mutum zai sake rayuwa bayan ya mutu.

Watakila tambayarka ke nan. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara, ko kuwa ka binne ɗa. Dangi suna cewa bin Yesu ne ya jawo maka, ka zo a kai ka wurin boka. Abokan Ayuba 3 ma sun ce laifinsa ne ya kama shi. A sura 42 Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba, Ayuba mai kukan nan ne ya faɗi daidai. Saboda haka kada ka ji kunyar kai kukanka gaban Ubangiji.

Amsar tambayar Ayuba ta zo daga baya. Annabi Ishaya, wajen shekara 700 kafin haihuwar Yesu, ya kwatanta gidan Yesse, uban sarki Dawuda, da kututture, ya ce toho zai fito daga gare shi. Yesu Kristi ne tohon nan. Shi ma aka sare shi a kan gicciye saboda zunubanmu, aka binne shi, a rana ta uku ya tashi. Wanda ya tuba ya gaskata da shi, ransa a haɗe yake da saiwar da fari ba ya kashe ta, kabari ma ba zai riƙe shi ba.

Ban yi maka alkawarin damina mai albarka ba. Masu bi suna jin yunwa kamar kowa, Yesu kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Amma bai tafi ya bar shi a ciki ba, ko da yake ya kwana 4.

Da daren nan, bayan tuwo, ka tara iyalinka ku karanta Ayuba sura 14, sa'an nan Yohanna sura 11. In ba mai karatu a gidan, ka nemi mai bishara na ƙauyenku ya zo ya karanta muku, ku yi addu'a tare.